Injin Jirgin Yaya Silvanus

Kafanchan, watan Maris

Aminina Ifediora,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jiki, yaya Eucharia da jikoki, yaya zafin Inugu? Mu nan lafiya, sai godiya. Tunda kunnenka ya yi yaji, waya ba ta da amfani tsakaninmu, ni ina ihu kai kana cewa amin. To ga takarda, yadda iyayenmu suke yi.

Injin ɗan jirgin saman Yaya ya iso. Ka gode mana wa ɗanka Kenny da ya aiko shi, Allah ya sa masa albarka. Amma Ife, wannan inji ne ko janareta? Da na ɗaga shi sai da bayana ya amsa. Silinda biyu, yana shan fetur, farfelarsa ta kai tsawon hannuna. Yaya Silvanus ya rungume shi, yana shafawa yana dariya.

Ba ka ga jirgin ba, bari in ba ka labari. Tun da Yaya ya yi ritaya daga Loko, garejin injunan reluwe, yake gina shi da filawud da katakon rimi, a falon matarsa Hellen, ita kuma tana ta mita. Fikafikansa sun fi ni tsawo, sai an cire su yake fita ƙofa. Da rimot ake tuƙa shi daga ƙasa, kuma ba don ya tashi kawai aka yi shi ba, don ya yi alkafura a sama ne. Ni ne matuƙi, na daɗe ina koyo da wani ƙarami. Ni tsohon direban jirgin ƙasa fa! Ka ji tsufa da rigima.

Ka tuna jiragen kara da muke yi a bayan kwatas ɗin reluwe? Yaya ya fere, kai ka sato zaren ɗinkin mamanka, ni in hau tankin ruwa in jefa. Babu wanda ya taɓa wuce mangwaron gidanku. Mamanka ta fara zaginmu da Ibo, ta ƙarasa da Hausa, sannan ta zuba mana abinci a kwano ɗaya. Ina kewar kwanakin nan ƙwarai.

Abin da ban faɗa wa Kenny ba shi ne idon Yaya. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma likita ya ce yana rufewa daga gefe, kamar mai leƙe ta bututu. Burinsa ɗaya ne, ya ga jirgin nan ya yi alkafura da idonsa. Ka sa mu a addu'a, sauri muke yi.

Naka har kullum,
Gershon


Kafanchan, watan Yuni

Ife ɗan'uwana,

Ina gaishe ka da iyali duka. Da fatan ƙafar Eucharia ta yi sauƙi. Ruwa ya sauka a nan, an duƙufa a gonakin citta.

Ka zauna kafin ka karanta, don na san za ka yi dariya har ka shaƙe. Da muka ɗaura injin muka tayar, hancin jirgin ya kama rawa. Ka san Yaya. A Loko in abu ya yi rawa, ƙarfe ake ƙara masa. Ya kawo angul, ƙarfen nan mai kusurwa, ya ɗaure da manyan kusoshi, kowanne da wosha biyu. Rawa ta tsaya cak.

Ana gwada daidaiton jirgi ne da yatsu: mutum biyu su sa yatsa a ƙarƙashin fikafikai su ɗaga, a ga ko zai tsaya a miƙe. Namu sai ya kifa kai ƙasa. Muka dubi juna, amsa ɗaya ta zo mana, irin nauyin da ake sa wa ƙafafun tsofaffin injuna masu gawayi don su daidaita. Muka narka darmar tsohon batirin mota muka cusa a wutsiya. Ya tsaya a kan yatsu kyam, har muka tafa.

Ranar Asabar muka kai shi wani fili a hanyar Kagoma. 'Yan acaɓa suka tsaya, mata masu dawowa daga gona suka sauke kaya. Na buɗe masa wuta. Ife, jirgin nan ya ruga kamar zai tsaga ƙasa, ya cinye filin kaf, ko ɗaga ƙafa bai yi ba, ya je ya nutsa hanci a kunyar doyar wata baiwar Allah, Milka. Ta wanke mu tas, ta ce tsofaffi da jikoki suna wasan yara a gonar mutane. Ban ga laifinta ba.

Damaris, 'yar Yaya da ke koyarwa a kwalejin Gidan Waya, ta kira Kenny. Ya ce mun kashe jirgin da nauyi. Wai a cire ƙarfen da darmar duka, a yanke hancin kamar faɗin tafin hannu don injin ya matso baya, a liƙa filawud da gam, batiran jirgin kuma su koma wajen wutsiya su yi aikin darma.

Yaya ya ce atafau. Wai duk shekarunsa a reluwe bai taɓa yanke lafiyayyen abu ba, kuma ba zai amince wa gam ya riƙe injin da kusa ta riƙe ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce masa taurin kansa ya fi layin dogo. Yanzu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Jiya a coci lokacin sujada na ga ya miƙa hannu zai karɓi littafin waƙa ya kama iska. Raina ya ɓaci, tsoro kuma nake ji. Kai yake jin maganarka tun muna yara, don Allah ka rubuto masa.

Ka gaida kowa,
Gershon


Kafanchan, watan Satumba

Aminina,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku. Yaya gida, yaya ƙarfin jiki? Hellen tana gaida Eucharia.

Ban san me ka rubuta masa ba, amma ya yi aiki. Ya sha kwanaki yana huci, sannan ya aiko a kira ni. Bai yarda kowa ya taɓa zarto ba. Da yatsa ya lalubo layin da na zana, shi ya yanke hancin da kansa, ya zare kusoshinsa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihu. Da muka ɗaga jirgin ya ce wannan ba abin da za a amince masa ba ne, ya cika rashin nauyi. Sai kuma ruwan Agusta ya tsare mu, fili ya zama taɓo, muka yi ta jira.

Ife, ya tashi! Ko rabin fili bai ci ba ya ɗaga, injin Kenny yana jan sa sama kamar ba komai. Na ja sandar rimot, ya hau, ya kwanta da baya, ya zagayo ya miƙe. Alkafura cikakkiya! Milka da kanta ta rangaɗa guɗa. Ina jin Yaya a bayana yana ihu, yana cewa ya gani, ya gani, in sake. Na sake masa har mai ya kusa ƙarewa. Tun ranar aurena ban yi irin wannan murna ba.

Matuƙi ba ya ɗauke ido daga jirgi, don haka ban dubi Yaya ba. Washegari Damaris ta zo ta nuna mini bidiyon da ta ɗauka. Kowa a filin fuskarsa tana kan jirgin. Ta Yaya tana biye a baya, tana kallon inda jirgin ya riga ya bari. Ƙarar yake bi. Lokacin alkafurar ma sai da mutane suka yi ihu sannan ya ɗaga hannu. Na shiga ɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Shi kuwa yana nan yana ba kowa labari, har a ƙofar coci, yadda rana ta haska cikin jirgin da ya juya. Ni da Damaris da Hellen mun bar shi a haka. Ya ce zai sa a rubuto maka. In ka ba shi amsa, kada ka yi masa jaje. Ka tambaye shi yadda alkafurar ta kasance, ka ce ya ba ka labarin dalla-dalla, tunda kai ba ka gani ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ɗan'uwanka,
Gershon