Inna, Na Mayar da Kwanon Goggo a Cike

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rakiya, Allah ya haskaka makwancinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa mu nan Gadarif muna nan da rai. Lafiya kuwa ba zan yi miki ƙarya ba, babu ita a gidanki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Amma masu ran da nake yi wa magana su ma ba ji suke yi ba, to gara in yi da ke, ke ko ba komai ba za ki katse ni ba.

Batula ce ba lafiya, surukarki. Bayan rasuwarki ciwon kai ya kama ta, irin wanda take riƙe kan da hannu biyu tana cewa kamar ana hura mata iska a ciki. Kunnenta yana shuu, shuu, yana bin bugun zuciyarta. In ta sunkuya tuƙin tuwon asida ta ɗago, sai duniya ta yi mata baƙi ƙirin na ɗan lokaci. Sujada ma ta gagare ta, a zaune take salla yanzu. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, an yi mata ƙaho a ƙeya, shiru kake ji.

Wata likita ce, cikin waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum, ta leƙa cikin idonta da 'yar fitila, sannan ta ajiye fitilar ta dube ni. Ta ce ruwan da Allah ya kewaye ƙwaƙwalwa da shi ne ya yi mata yawa, yana matse jijiyar gani. Aka zuƙe mata ruwan da allura ta gadon baya, ina tsaye a bakin ƙofa ina jin nishinta. Ta samu sauƙi na 'yan kwanaki, ciwo ya dawo. Aka ba ta ƙwayoyi masu sa yatsunta su yi kamar tururuwa na bin su. Daga nan likita ta faɗi abin da ya jawo mini duk wannan fitina. Ta ce dole Batula ta rage jiki, domin a irin ciwonta ƙiba tana ƙara matsin, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa.

Kin ji fa, Inna. Ta rage jiki! A gidan wa? A gidan ɗan Rakiya, dillalin dawa a kasuwar Gadarif, wanda yake yini yana tsallake buhuna.

Kina tuna lokacin da aka kawo ta? Kullum da hantsi ki dama mata kunun madida, ki zuba man shanu har ya yi iyo a kai, ki tsaya a kanta. "Sha, 'yata," kike cewa. "Ba za a ce na karɓo ki da kumatu na mayar da ke da ƙashin wuya ba." Ke da aminiyarki Goggo Halima, ƙanwar babanta da ta rene ta, kuna zaune a rakuba, rumfar tsakar gida, kuna jan awarwaron hannunta. In ya ƙi motsi ku yi shewa, ita kuma ta rufe fuska da mayafinta na tob. Ni ma daɗi nake ji a lokacin, ina tafiya a unguwa ƙirjina a buɗe.

To wannan ƙaunar taku ce yanzu take cin idonta.

Tun da labari ya bazu, 'yan dubiya ba su yanke ba, Allah ya saka musu. Amma kowace da kwanonta a kai. Wannan asida da mai, waccan zalabiya, wata shayi da madara wanda sukari ya yi kauri a gindin kofi. Kuma kin san al'adar, ba mai tashi sai ta ga mara lafiya ta ci a gabanta. Batula kuwa kin san kunyarta, ko guba babba ya miƙo mata sai ta sa hannu biyu. In dawo daga kasuwa in tarar da kwanuka a wanke, ita kuma tana kwance da jiƙaƙƙen tsumma a goshi, hawaye na gangara mata cikin kunne.

Na yi bayani da Hausa, na yi da Larabci, har da kwatance na yi da salkar da aka cika aka ɗaure bakinta. Wata ta ce, "Ya Usmanu, ina ruwan ciki da kai?" Wata ta ce, "Wannan likitar 'yar Khartum ce, su dama tsinke suke so su zama." A kasuwa kuma wani abokin dillanci ya dafa kafaɗata a gaban mutane, wai, "Ya zol, mutumina, dawa ta yi tsada ne har a gidanka?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma wallahi ranar ko ruwa ɗaci ya yi mini.

Duk da haka mun daure. Na daina cin mai a gabanta, abin da take ci shi nake ci, har ni ma wandona ya fara zamewa. Ta ɗan faɗa. Muka koma, likita ta leƙa ta ce kumburin ya ɗan sauka. Inna, rabon da in ga Batula ta yi dariya irin ta hanyar dawowa na manta.

Sai aka gama yankan riɗi, Goggo Halima ta iso daga ƙauyensu Simsim. Tana shigowa ta kama hannun Batula, awarwaro ya sulale har gwiwar hannu. Ta saka salati kamar gawa ta tarar. Ta sauka a gidan ɗanta a bayan masallaci, ta shiga aiki. Da safe kwano, da rana kwano, kuma sai ta daidaici lokacin da nake kasuwa. Kafin wata ya ƙare jiki ya dawo, ciwon kai ya dawo da ƙarfinsa.

Sai na yi abin da ba a yi. Ke kika koya mini cewa kwano ba ya komawa yadda ya zo, a ci, a wanke, a jefa ko dabino ne a ciki. Ni na ɗauki kwanon Goggo da hannuna, ko murfin ban ɗaga ba, na ratsa unguwa da shi mata na leƙe, na ajiye a gabanta a cike. Na durƙusa na ce ta yi wa Allah ta bari. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Rakiya ta mutu kam."

Maganar ta soke ni, amma ban yi nadama ba, kuma ko gobe sai in ƙara.

Washegari ta zo da kanta. Batula na zaune a kan gadon angarib, ina tsugune ina wanke hannu. Goggo ta shigo shiru saboda tana fushi da ni, ta tsaya a gefen hagun Batula ta miƙa mata kofin madara. Ta tsaya. Ta ƙara tsayawa. Kofi dab da kumatunta, Batula na kallon gabanta, ba ta san da mutum a wurin ba. Sai da Goggo ta kira sunanta ta firgita ta juyo da kai gaba ɗaya. Ganin gefen idon ya tafi, Inna, kuma ashe ta daɗe da sani ta ɓoye mini.

Na ce alhamdulillahi a zuciyata, Allah ya gafarta mini, na ɗauka yanzu dai Goggo ta ga abin da nake gudu. Kin san me ta ce? Ta ɗora hannu a kai ta ce, "Kun gani ko? Yunwa ta fara kashe mata ido!"

To ki gaya mini, da wane harshe zan yi magana kuma?

Yanzu ta kai ƙara wurin Kawu Adamu, babban gidansu. Sun yanke cewa bayan sallar Juma'a za su zo da mota su tafi da Batula Simsim, ta yi jinya a hannun danginta tunda mijinta ya kasa ciyar da ita. Can babu mai duba ido, in damina ta sauka kuma laka ta rufe hanya. Za su yi ta ɗura mata har ta makance, suna kuka suna ƙara mata.

Na gaji, Inna. Ina jin haushin Goggo, ina jin haushin ciwon da ba a ganinsa a fuska, wani lokaci har Batula nake jin haushi saboda ba ta iya cewa a'a. Ke ma ina jin haushinki, ki yafe mini. Da kina nan da kin ja aminiyarki gefe, ku yi faɗanku irin na da, ku shirya a kan jabanar gahawa, magana ta ƙare. Ke kaɗai take ji, kika tafi kika bar ni da ita.

Ɗazu na gaya wa Batula cewa ban san yadda zan tsaya a gaban Kawu in ce masa a'a ba, mutumin da ya ba ni aurenta. Na ɗauka za ta yi shiru yadda ta saba. Sai ta laluɓo hannuna ta ce, "Usmanu, ka rufe ƙofar. In sun yi fushi, ni zan bi su gida gida in roƙe su daga baya. In idon ya tafi, wa zan je in roƙa?"

Saboda haka ranar Juma'a ɗanki zai tsaya a ƙofar gidanki ya hana surukansa shiga. Za ki ji ana cewa Rakiya ba ta yi tarbiyya ba. Na so ki fara ji daga bakina.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya sassauta wa Batula wannan ciwo, ya bar mata abin da ya rage na ganinta. Allah ya sanyaya zuciyar Goggo Halima, don na san ƙauna ce take sa ta. Ni kuma ya riƙe mini harshena ranar Juma'a, ya riƙe mini ƙafafuna kada in matsa daga bakin ƙofar. Amin.

Ɗanki,
Usmanu
Gadarif