Mujallun Da Suka Shigo Gidana A Ɗaurin Takardar Kifi

Iyaye mata, ku duba kowace takarda da ke shigowa gidajenku kafin ta kai hannun 'ya'yanku. Ni ban duba ba, ga 'yata nan tana ƙarewa a gaban idona. Anti Saudatu, don Allah ki taimake ni, dabarata ta ƙare.

Ni ba uwa ce mai sakaci ba. Na yi sakandare, na san abin da duniya take ciki. A gidana babu yarinyar da ke riƙe waya, talabijin kuwa labarai da wa'azi kawai. Maigidan yana yini a fadama, shinkafa da damina, alkama da rani, don haka tarbiyya a wuyana take. Sana'ata suyar kifi a gida, tarwaɗa da karfasa. Takardar naɗe kifin ɗauri-ɗauri nake sayenta a kasuwa wajen wani dattijo, Baba Modu. Galibi tsofaffin jaridu ne, amma akan samu mujallun Turanci a ciki, masu santsin takarda. Irin waɗannan ba sa shan mai, sai ya zuba ya ɓata wa mai saye riga. Shi ya sa na ɗora wa babbar 'yata Adila, mai shekara sha huɗu, aikin ware su ta kai murhu. Ashe murhun bai taɓa ganinsu ba.

Adila yarinya ce mai jiki, irin danginmu. Tun tana ƙarama gwaggonninta ke kiranta Randa, mu yi dariya, ita ma ta yi. Bara ta fara azumin Litinin da Alhamis. Wallahi har yabonta na yi a Islamiyya, na ce wa mata su zo su ga tarbiyya. Daga baya ta ƙara da wasu ranakun, ta ce ramuwa take yi. In an sha ruwa ta ɗan taɓa tuwo ta tura wa ƙannenta. Kifin da take wawaso a da, yanzu ko ƙanshinsa ba ta so. Hijabi ya rufe min sauran. Sai da ta yanke jiki ta faɗi a taron safe a makaranta aka kawo min ita a adaidaita, na cire mata riga, na ga ƙasusuwan wuya kamar na tsohuwa.

A ƙarƙashin katifarta na sami mujallun jere. 'Yan mata rabin tsirara, ciki a shafe, gashi a waje, da shafuka kan abin da yarinya za ta daina ci don samari su kalle ta. Wace irin al'umma ce ke rubuta wa yara wannan? Na tara ƙannenta na ƙona mujallun a gabansu a tsakar gida, na kuma mari Adila, ba zan ɓoye ba. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi ni ban san yadda take ƙyamar jikinta ba. Jikin da Allah Ya halitta. Tun ranar ba ta kallon idona, abincin ma ya ƙara raguwa. Na yi faɗa, na yi nasiha, na karɓo rubutu ta sha, babu canji. Ina tsoron wata rana in tashe ta ba ta tashi ba.

Yanzu dai na kafa doka: takarda mai hoton mutum ba ta ƙara ƙetare zaurena, Adila kuma ba makaranta, ba Islamiyya, ba ƙofar gida, sai ranar da ta cinye kwanonta tas a gabana.

Uwa mai kuka, daga Haɗeja

AMSA

'Yar'uwa, Allah Ya yaye miki. Fushinki da mujallun nan yana kan hanya. Kasuwanci ne, kuma yawancin hotunan an gyara su da na'ura, ko masu jikin ba haka suke ba. Amma kin ƙona takarda, abin da ta shuka yana nan a zuciyar yarinya, mari kuma ba ya kaiwa can.

Abin da kika bayyana ya wuce taurin kai. Ya yi kama da wata cuta da likitoci suka sani, wadda mai ita ke ganin ƙiba a jikinsa ko da ya rame, kuma tana iya kisa. Ki kai ta asibiti a makon nan, ke da mahaifinta. Ki faɗa wa likita komai, har azumin da faɗuwar, da ko al'adarta ta ɗauke. Addu'a ta ci gaba, amma tare da magani.

Dokarki kuwa, riƙe rabi ki saki rabi. Ki riƙa tace takardu da hannunki, wannan daidai ne. Amma kulle ta a gida ba ƙawa ba karatu zai bar ta ita kaɗai da tunanin da ke cinye ta, tsayuwa a kanta da kwano kuma zai koya mata ɓoye abinci ne kawai. In likita ya yarda, ta koma makaranta. Ku riƙa cin abinci a kwano ɗaya, kuna hira, ba tare da kin lissafa lomarta ba. Ki nemi malamarta ta Islamiyya ta fahimtar da ita cewa Allah bai nemi nafilar da za ta cutar da jiki ba.

Sai maganar da ba za ta yi miki daɗi ba. Sunan nan Randa ya riga mujallu shiga kunnenta. Ki hana shi, ko daga bakin wa ya fito. Ranar da ta ce tana ƙyamar jikinta, ƙofa ta buɗe miki. Ki koma ki zauna kusa da ita, ki ce ta ƙarasa maganar, ki saurara har ta gama ba wa'azi.

Ba ki makara ba. Allah Ya ba Adila lafiya, Ya sanyaya zuciyarki, Ya nuna miki ranar da za ta nemi ƙari da bakinta.

Anti Saudatu