Salansa a Burtali

Litinin, 5 ga Agusta

Na gama da babur ɗin nan ɗan Kwatano, mai ƙaton tanki da doguwar kujera. Na canja shokozoba, na sa faffaɗar taya a baya, na fasa cikin salansa. Da na tayar, kajin Inna Barira sai da suka haye katanga. Daɗi kamar ya kashe ni.

Laraba, 7 ga Agusta

Yahya taubashina ma ya gyara irinsa a garejinsa na Ɗambatta. Nasa shiru, kamar keken ɗinki. Na ce masa nasa na kai amarya asibiti ne.

Alhaji Abdulbasit zai sayo irinsu shida don yaransa masu zaga ƙauyuka sayen hatsi. Ya ce mu gwada ranar Asabar, wanda nasa ya fi, shi zai riƙa yi masa gyara. Babura shida! Rabona da aiki mai kauri tun azumi.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na bi hanyar da za mu yi tseren da safe. Daga kukar bakin gari a shiga burtalin shanu, a fita tsohuwar rijiya. Hanyar tana da kwana goma sha ɗaya, ga gero ya yi tsayi har ba ka ganin gabanka. Nawa yana kwanciya a kwana ya tashi kamar ba komai. Na Yahya na san gabansa rawa yake a yashi. Ni dai na riga na ci.

Asabar, 10 ga Agusta

Ba na son rubutawa.

Lahadi, 11 ga Agusta

To. Jiya bayan la'asar muka tashi. A kwana ta huɗu na ba shi rata, ina ihu ni kaɗai cikin hular kwano. A ta bakwai sai ga shanu suna dawowa daga kiwo, sun cika burtali. Ni ɗan ƙauyen nan, wai na manta lokacin dawowarsu. Da suka ji ƙarar nawa sai suka haukace, wani bijimi ya juyo, sauran suka nufi gonar gyaɗa. Makiyayin yana ɗaga sanda: "Kashe, Malam, kashe!" Na kashe. Na tsaya riƙe da babur kamar mai gadinsa.

Yahya ya iso, ya rage wuta, ya ratsa ta gefensu a hankali. Ko kunne ba su kaɗa ba. Har sallama ya yi wa makiyayin.

A rijiya Alhaji ya ce, "Basiru, naka ya fi gudu, amma yarana kullum cikin dabbobi suke." Raina ya ɓaci sosai, don gaskiya ya faɗa.

Alhamis, 15 ga Agusta

Yahya ya zo da nasa. Babu tsokana, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya ce, "Taubashi, gaban nan ya gagare ni. Ka yi ƙafafun shidan, ni in yi inji." Na ce zan yi tunani.

Ya bar min mukulli. Na hau, don in ji rawar gaban kawai. Wajen gonar Malam Bala wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta ce, "Sannu Basiru, ya gida?" Na ji ta sarai, na amsa. Kwana goma ke nan ina wuce mutane a nawa, ban san sau nawa aka gaishe ni ba.

Gaban dai yana rawa. Gobe zan kwance shi.