Rawar Hannun Aneti da Ciwon Inna

Okapa, 9 ga Yuli, 2004

Ƙanwata Aneti,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wasiƙar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki da jikoki a can Lae. Mu nan lafiya lau. Dankali ya yi kyau bana, aladun ɗana Yosiya kuma sun haihu.

Na karanta abin da kika rubuto, cewa hannunki na rawa in kin ɗauki kofi, har kin fara raba kayanki don kina zaton kuru ce, ciwon da ya ɗauke Inna. Ki saurari yayanki, ni na gani da idona. Ina ɗan shekara tara, ke kina goye, lokacin da Inna ta fara tangaɗi a hanyar gona. Baba ya sassaƙa mata sanda. Bayan wata biyar sandar ma ta gaza, sai mu fito da ita ƙofar ɗaki ta sha hantsi. Jikinta na karkarwa, dariya na kuɓuce mata ba da sonta ba, amma hankalinta garau. Daga zaune take yi wa Baba tsiya, wai namijin da ke harbo tsuntsu a sama ya kasa gasa dankali bai ƙone ba. Shi kuma ya ce ta tashi ta gasa mana in ta isa. Ranar da ta kasa riƙe ki, Baba ya sa ki a jakar saƙarta ya rataya a goshi kamar yadda matanmu suke yi. Maza suna ta yi masa dariya, wai Tarubi ya zama uwar 'ya'ya, amma kafin shekara rabinsu sun rataya tasu, don ciwon ya kama matansu su ma. Ina kewar gidan nan, Aneti, har da ƙaurin dankalin.

A lokacin sammu muke zargi, har Kawu Ibote ya daina gaida dangin Baba. Daga baya likitoci suka gano ta abincin makoki ciwon yake bi, wato naman mamacin da mata da yara suke ci. An daina al'adar nan kafin a haife ki, kuma ba a shan ciwon a nono. Ni da na ci, ni ya kamata in ji tsoro, ga ni da furfura ina hawan dutse. Ki je asibiti a duba hannun, ki karɓo tukwanenki wurin waɗanda kika ba.

Abu ɗaya ban taɓa gaya miki ba. Da magana ta ƙwace wa Inna, sunanki kaɗai ya rage a bakinta. Ni ma Aneti take kirana, ni kuma in amsa.

Matata Kaisuma da Yosiya suna gaisuwa. Ki gaida mijinki da 'yarki Rut da ƙananan duka.

Naki yaya,
Nagiso