Baitin Da Na Yanke

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya idon? Ya Auta da mijinta? Ni lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi tun da kika tafi.

Auta ta ce ran Laraba za a yi miki aikin ido, kuma likita bai yi alkawarin za ki ci gaba da gani ba. Shi ya sa na ɗauki biro, don akwai laifin da na daɗe ina ɓoyewa.

Kin tuna fim ɗin mawaƙin nan mai farar hula, wanda ya fito a mai gyaran keke, ba labarin kirki sai waƙa da rawa? Lokacin ina aikin haska fim a silima, ke kuma kina zuwa da yayyenki. Ta 'yar tagar ɗakin inji nake hango ki. Duk sanda ya zo baiti na uku, ya juyo ya kashe ido, sai ki dafe ƙirji. Kishi ya ci ni. Na sa almakashi na yanke wurin, na liƙe sauran, na ce wa manaja inji ne ya cinye.

Shekara arba'in ke nan kina rera waƙar nan kina tsallake baitin, har 'ya'yanmu haka suka koya. Duk sanda na ji, sai kunya ta kama ni.

Ga guntun fim ɗin a cikin ambulan. Ki ɗaga shi wajen taga ki kalli gwaninki tun idon yana gani. Ki yafe mini.

Mijinki,
Mai Silima

Zuwa ga uban 'ya'yana,

Na amsa gaisuwa. Ya ƙafar taka? Kana shan maganin kuwa, ko sai na dawo mu yi faɗa?

Auta ta karanta mini wasiƙarka, na yi dariya har nas ta leƙo. Kai dai ba ka iya ɓoyo ba. Watanmu biyu da aure na tsinci abin nan a gwangwanin allurai, ina neman maɓalli. Na ɗaga shi a rana, na ga mai farar hula yana kashe mini ido, na gane komai, na mayar.

Baitin kuwa, na iya shi tsaf, ai a rediyo ma ana sa shi. Da gangan nake tsallakewa, don in ga yadda kake sunkuyar da kai kana sosa ƙeya. A nan na san irin son da kake yi mini.

Gaskiya ina jin tsoron Laraba. Ban buɗe ambulan ɗin don in kalli wani mawaƙi ba. Ka hau motar safe gobe, ka zo ka zauna kusa da taga inda haske yake. Fuskarka nake so in ƙare wa kallo.

Matarka