Hannun Dama a Kan Totur

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Yau kwana ashirin da rasuwar Yaya Hudu. Na je ƙauye wajen Inna, motar haya zuwa Kurfi, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni can bayan Tamawa. Ƙafafunta sun kumbura, ko takalmin robarta ba ya shiga. Maganin hawan jininta ya ƙare tun makon jiya, kuma a Kurfi ba a ba da wani sai an ga mutum an auna shi, ranar Alhamis. Shekara shida Yaya ne ke ɗaukar ta a babur, ya kai ta ya dawo da ita. Da damina mota ba ta shiga hanyarmu.

Na ce zan samo mata ɗan acaɓa mai amana. Ta ce, "Ni da tsufana in riƙe ƙugun ɗan wani? Gara in mutu a ɗakina." Na ce to ta dawo Dutsin-Ma wajenmu. Ta ce wa za ta bar wa awakin? Can ta dube ni ta ce, "Kai mi ya hana ka?"

Shekarata arba'in da huɗu, malamin lissafi, a garin da yaro ke hawa babur tun bai iya ɗaura wando ba, amma ni ban iya ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Sau ɗaya na taɓa gwadawa, ina ɗan shekara goma sha biyar. Na shige dangar maƙwabta da ni da babur ɗin, Yaya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Tun ranar na zama mutumin baya. Cikin gari ina da kekena, in tafiya ta yi nisa Yaya yana nan. Ban taɓa kawo wa raina ranar da ba ya nan ba.

Nasa babur ɗin yana cikin gadon 'ya'yansa, kuma ko an ba ni ya fi ƙarfina. Matata Ma'u ta ce in je wurin Alhaji Mutawakkil mai sayar da babura, tunda aminin Yaya ne. Na ce mata zan duba. Ta ce, "Malam, dubawa ba ta sauke kumburi." Matar nan bakinta ba ya ciwo.

Litinin, 7 ga Yuli

Na je bayan an tashi makaranta. Alhaji ya sake yi mini ta'aziyya, sannan ya fito da babura uku.

Roba-roba ba nauyi, kamar kekena, amma ya ce cikinta a ƙasa yake, taɓon hanyarmu zai riƙe ta. Babba irin na 'yan acaɓa kuwa, da na hau yatsun ƙafata kawai ke taɓa ƙasa, ya karkata kaɗan na ji kamar bijimi ya jingina da ni. Na ukun shuɗi ne. Ƙafafuna biyu suka zauna daram.

Ya ce, "Wanga tsaka-tsaki ne, Malam Abdullatif. Bai yi nauyin da zai kada ka ba, bai yi sakayau ɗin da iskar babbar mota za ta yi wasa da kai ba. Irin na ɗan koyo ne a cikin gari, kuma zai kai ka ƙauye. Ɗauki ka gwada kwana goma. In bai yi maka ba ka maido. Amma fa kar ka cire ledar kujera, wanda ya cire leda ya saya."

Turo shi na yi har gida. Duk wanda ya ce a kashe lafiya, sai in amsa, in ƙara da cewa mai ne ya ƙare. Tanki a cike yake. Allah ya yafe mini.

Talata, 8 ga Yuli

Filin makaranta bayan la'asar. Alhaji ya rufe shago ya zo da kansa. Hannun hagu kuloci, hannun dama totur da birkin gaba, ƙafar hagu giya, ƙafar dama birkin baya. Gaɓa huɗu, kowacce da aikinta, ni kuma kai ɗaya gare ni. Babur ɗin ya mutu a hannuna sau goma sha ɗaya. Alhaji ya ce kulocin nan laushi gare shi, ni ne nake sakin sa kamar na taɓa garwashi.

Na zagaya filin sau biyu a giya ta ɗaya. Ban ji daɗin komai ba. Ina ta jin kamar akwai wanda ke zaune a ƙasa yana dariya, in waiwaya, ba kowa.

Laraba, 9 ga Yuli

Sau huɗu kawai ya mutu. Na shiga giya ta biyu. Cinyoyina kamar an yi mini duka.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ranar asibiti ta zo ta wuce, Inna tana ɗaki. Na kira wayar maƙwabciyarta ta kai mata. Ta ce kanta ne ke sarawa, in ta miƙe sai ɗakin ya juya. Ba ta tambaye ni babur ba. Da ma ta tambaya, da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, 11 ga Yuli

Abin da ban gaya wa kowa ba, bari in rubuta ko zai sake ni.

Ranar Babbar Sallah Yaya ya ɗauko ni daga ƙauye. Muka bi ta Kurfi, ta ƙofar gidan surukina Malam Yazid, yana zaune a dakali da mutanensa. Ni a baya na ɗaga hannu har ina neman zamewa. Yaya kuwa oda ya danna sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya wuce. Haka yake yi wa kowa, kuma na daɗe ina jin haushin abin. Ni da ko a keke nake sai na ɗaga hannun dama, in dattijo ne in sauka in tura.

Da muka tsaya na ce masa girman kai ne, ya kunyata ni a gaban surukina. Na faɗi maganganu, har da cewa ba haka Baba ya rene mu ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "In da mutum a bayana, hannuna ba nawa ba ne." Na ce wannan zancen 'yan tasha ne. Na hau motar haya na bar shi tsaye.

Kwana tara tsakani zazzaɓi ya ɗauke shi. Na je asibiti, amma lokacin ba ya gane mutane.

Asabar, 12 ga Yuli

Yau na shiga gari. Da sassafe, kafin hanya ta cika.

Gaskiyar Alhaji, babur ɗin ba shi da rigima. A giya ta biyu yana tafiya a hankali ba ya fizga, ya bi bayan amalanke ba tare da ya mutu ba. Kwana ba ta yi masa wuya. Birkin gaba ne ke da kaifi, in ka damƙe shi da ƙarfi sai ya durƙusa da kai. A ramukan bakin tasha bai jijjiga ni sosai ba. Injin yana gasa ƙwauri in aka daɗe a tsaye. Oda kuma siririya, wata akuya ta dube ni ta ci gaba da kwanciyarta.

Na zagaya ta kasuwa na dawo gida ban faɗi ba. Ma'u ta yi guɗa a tsakar gida, na ce ta bari, gidan nan ana zaman makoki. Ta ce ita ma ta sani. Na yi nadamar faɗa.

Lahadi, 13 ga Yuli

Na faɗi.

A kan layinmu, gab da azahar. Liman yana tafe zai shiga masallaci. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne ya tashi da kansa. Na hagu ba a gaisuwa da shi, don haka na daman ne ya bar totur da birki ya hau sama. Daidai nan mai keke-napep ɗin gabana ya tsaya. Na nemi birki, hannu yana can yana gaisuwa. Na manta ƙafata ma tana da nata. Kan babur ya murɗe, muka kwanta a bakin kwata, salansa ta manne mini a ƙwauri.

Liman da kansa ya ɗaga babur ɗin daga kaina, yana cewa, "Subhanallahi, Malam, ai da ka bar gaisuwar, mun yafe." Jama'a suka taru, sannu ta ko'ina. Madubin dama ya fashe. Fatar ƙwaurina ta saluɓe kamar faɗin tafin hannu.

Ina kwance nake ta tunani, da Inna ce a baya fa? Mace mai shekara saba'in da wani abu, kanta a kan sumintin kwata.

Ba zan iya ba. Wani an halicce shi don gaba, wani don baya.

Litinin, 14 ga Yuli

Na turo babur ɗin na kai wa Alhaji ina ɗingishi. Ya dubi madubin, ya dubi ƙafata, ya sa aka ɗaura sabo. Na ce na maido. Ya ce kwana goma muka yi da shi, yau bakwai.

"Mashin bai yi laifi ba," in ji shi. "Kai ne ka ɗauko ɗabi'ar keke ka hau da ita." Sai ya yi 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce marigayi ya taɓa ce masa, ranar da ƙanena zai koyi mashin, ba rami ne zai kada shi ba, gaisuwa ce. Wai har ya ce shi zai koya mini bayan Sallah, zai ɗaure mini hannun da igiya.

Ban san ya faɗi haka ba. Na fita waje na tsaya ina kallon titi. Sannan na sake turo babur ɗin gida.

Talata, 15 ga Yuli

Maƙwabciyar Inna ta kira. Jiri ya kwashe ta a gindin randa, sai da aka kama ta zuwa ɗaki. Ta hana a gaya mini.

Na fito da buhun masara, Ma'u ta taya ni ɗaure shi a baya. Da nauyi abin ya canza, gaba ya yi sakayau, birki yana son a fara masa magana tun da nisa. Na bi ta layinmu da gangan. Dattawa uku na wuce. Hannuna yana ƙaiƙayi, na damƙe totur har yatsuna suka yi tsami, na sunkuyar da kai kawai. Na ji kamar ɓarawo. Ɗaya daga cikinsu ya bi ni da kallo, na gan shi a sabon madubi.

Masara ta dawo gida lafiya.

Laraba, 16 ga Yuli

Ma'u ta sa hijabi ta ce buhu ba ya jin tsoro, ba ya motsi, ita zan gwada da ita. Na ce in muka faɗi fa? Ta ce gara ita da Inna. Muka je har bakin hanyar Kurfi muka dawo. Sai da muka sauka na ga inda ta riƙe rigata ya jiƙe da gumi.

Hadari ya haɗu a gabas. Ƙunar tana ruwa. Ina jin tsoro, ba wanda zan ɓoye wa a nan.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na fita bayan asuba. An yi yayyafi, hanyar bayan Tamawa taɓo ne, wuri biyu na sa ƙafa a ƙasa na ja shi a giya ta ɗaya. Na tarar da Inna a zaure, ta yi wanka, katin asibiti a ƙulle a bakin mayafi. Ban gaya mata zan zo ba. Ashe makon jiya ma haka ta shirya ta zauna har rana ta take.

Ta hau da kyar. Ba ta kai nauyin buhun ba, wannan ya fi komai tsorata ni. Ta riƙe ƙuguna da hannu biyu.

Ba hanyar asibitin sai ta ƙofar Malam Yazid. Yana dakali, shi da mutum huɗu. Ya gane ni tun daga nesa, har ya gyara zama. Ga rami cike da ruwa a gabana, ga mai kura yana tahowa. Na danna oda sau ɗaya, na sunkuyar da kai, na wuce.

Mun yi nisa kaɗan Inna ta ce, "Surukinka ne fa." Na ce, "Na gan shi, Inna." Can ta ce, "Haka yayanka..." Ba ta ƙarasa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, kuma ranar jana'iza ba wanda ya ga hawayenta. Na ji ta kifa goshinta a bayana, har ƙofar asibiti ba ta ɗaga ba. Rigata ta jiƙe a wurin. Ban waiwaya ba, hannuwana suna da aiki.

An auna ta, jinin ya hau sosai, malamar asibiti ta yi mana faɗa. An ba da magani, an ce a dawo da ita Alhamis ta sama. Na mayar da ita gida kafin ruwa ya sauko.

Kafin in iso Dutsin-Ma labari ya riga ni. Ma'u ta ce babanta ya kira ta, wai mijinta ya yi babur ya daina ganin mutane. Na ce gobe zan je da ƙafata in durƙusa masa. Zan je ɗin. Wannan haƙurin mai sauƙin bayarwa ne, mai shi yana dakali. Wanda ya kamata in ba haƙuri tun ranar Sallah ba ya nan, kuma tuwon dare ma na kasa ci.

Yau ne kwana goman Alhaji ya cika. Ban ce na iya ba, ban kuma ce babur ɗin ya yi mini ba. Yana zaure, duk taɓo. Na dai ce wa Ma'u ta cire ledar kujerar nan, santsi gare ta, Inna ta yi ta zamewa.