Ƙanƙarar da Baƙo Ya Sha

Filingue, 13 ga Afrilu

Zuwa ga mahaifina Malam Issa Maƙeri, a Sanam.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar nan taka, ta saki? Najiba 'yar'uwata, in za ki karanta masa ki matsa kusa da kunnen dama, na hagun uwar maƙera ta daɗe da cinye shi. Shi ya sa na daina kiran waya, ni ina ihu a Filingue, shi yana na'am a Sanam.

Baba, ranar Alhamis ensifekta mai duba malamai zai zo daga Yamai ya zauna a ajina. Shekara shida ke nan ina malamar kwantaragi a lise, makarantar sakandaren nan. In ya sa hannu, na zama cikakkiyar malamar gwamnati. In bai sa ba, sai wani zagayen, wanda ba mai sanin ranarsa. Kada ka damu, na shirya tsaf.

Darasin a kan auna zafi ne. Akwai wani mazubi mai rufi da ake kira kalorimetir, ba ya barin zafi ya shiga ko ya fita. Na makarantarmu ya fashe tun kafin in zo, sai na ɗauki tarmos ɗina na abinci mai faɗin baki, na huda murfin, na zura ma'aunin zafi. Zan zuba ruwan ɗumi da na auna, in jefa ƙanƙara da na auna. Zafin da ruwan ya rasa, ƙanƙarar ce ta karɓa, daga nan sai lissafi. Abin mamakin shi ne, muddin tana narkewa, haɗiyar zafi take yi ba tare da ita ta yi ɗumi ko kaɗan ba. Abin da kilo ɗaya nata ke haɗiyewa ya isa ya kai kilo ɗaya na ruwa mai sanyinta har digiri tamanin. Ɓoyayyen zafi muke ce masa. Sau uku na gwada, sau uku lissafina ya zo dab da na littafi.

Wutar lantarki tana mana wasan ɓuya cikin bazarar nan, amma maƙwabciyata Balkisa mai firiza ta yi alkawarin ajiye mini ƙanƙara. Ƙarfen gatarin da ka aiko ya iso. Ban sa masa ƙota ba tukuna, da shi nake fasa ƙanƙarar.

Najiba ta ce ka koma wa zancen nan naka, wai ɗiya mata huɗu Allah ya ba ka, maƙera za ta mutu tare da kai. Ba na son wannan magana, tana ɓata mini rai.

Ka sa ni a addu'a. A gaida Inna.

Ɗiyarka,
Samiratu

Filingue, 18 ga Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Yaya zafi a wajenku? Mu nan ko kaji sun daina yawo da rana. Ka gyara zama, labarin jiya ba irin wanda na shirya ba ka ba ne.

Kwana biyu ba wuta a garin. Balkisa ta cika alkawari, ta ba ni guntuwar ƙanƙara ta ƙarshe da ta rage mata, ina jin ita ce ta ƙarshe a unguwar. Na naɗe ta cikin buhu, na sa a kula, na ajiye a ofishin direkta, shugaban makarantarmu, don nan ne ya fi sanyi. Kuskurena ɗaya, ban faɗa wa kowa ba.

Motar ensifekta ta lalace bayan Bonkoukou, bai iso ba sai sha ɗaya da rabi, leɓɓansa sun bushe. Mai gadinmu, Baba Albarka, dattijo ne irinka, baƙo ba ya zama a gabansa bai sha ruwa ba. Ya ga ruwan randa bai dace da babban mutum ba, ya buɗe kula, ya ga arziki. Da na shigo ɗaukar kayana, na tarar da ensifekta da direbansa da direkta kowa da kofi, ensifekta yana tauna ɓallin ƙarshe yana sa wa Baba Albarka albarka. Tsohon kuwa sai murmushi yake, ya fitar da makaranta kunya.

Na so in yi magana, ba zan ɓoye maka ba. Amma in buɗe baki in ce me? In kunyata dattijo a gaban baƙo, ko in ce wa baƙon ya shanye darasina? Baƙonka annabinka. Na gaishe su, na ɗauki kular da ba komai cikinta, na fita.

A aji ɗalibai hamsin da biyu suna jira, ruwa yana kan murhun gas, ƙarfen gatarinka yana kan tebur ba abin da zai fasa. Ina kallonsa sai kaskon ruwan maƙerarka ya faɗo mini, wanda kake tsoma ƙarfe a ciki tun safe amma bai taɓa tafasa ba. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Na goge allo, na rubuta sabon kan darasi: ƙarfe da ruwa, wa ya fi riƙe zafi?

Muka ɗora gatarin a sikeli, giram ɗari huɗu. Na ɗaura masa zare, na bar shi cikin tafasasshen ruwa har ya kai digiri ɗari. A tarmos na zuba rabin lita na ruwa mai digiri talatin. Na ce su yi hasashen inda ruwan zai kai. Mafi yawansu suka ce sittin da biyar, wai za a raba tsakiya kamar rabon gado. Na ciro ƙarfen, na tsoma, na rufe. Ma'auni ya hau a hankali, ya tsaya a talatin da biyar da rabi. Ajin ya kaure da hayaniya. Wata ɗaliba, Hamida, ta ce ma'aunin ne ya lalace, na sa ta tsoma yatsa, gani ya kori ji. Su da kansu suka yi lissafin a allo, suka gano ruwa ya ninka ƙarfe kusan sau tara wajen ɗaukar zafi, yadda littafi ya faɗa.

Ensifekta ya ɗaga takardar shirin darasin da na ba shi, ya tambaye ni ina ɓoyayyen zafin da na rubuta zan koyar. Na ce ƙanƙarar ba ta iso aji ba, ban ƙara ko kalma a kai ba. Sannan na tambayi ɗalibai me suke ji in maƙeri ya tsoma jan ƙarfe a ruwa. Suka ce cuu, da tururi. Na ce to tururin nan shi ke ɗauke zafi mai yawa ya tafi da shi, ɓoyayyen zafi ke nan, irin wanda ƙanƙara ke haɗiya.

Bai yi murmushi ba. Ya yi rubutu mai tsawo, ya tafi. Sauya darasi a gaban ensifekta laifi ne a ƙa'idarsu, na sani. Amma na san darasin da na yi, ko a gaban wa zan maimaita shi.

Taka,
Samiratu

Filingue, 6 ga Mayu

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Najiba, wannan ki ɗaga murya sosai.

Ya sa hannu, Baba! Takardar ta iso jiya a motar Yamai, kuma ba ita kaɗai ba. Direban ya sauke mini ƙaton dutsen ƙanƙara cikin buhu da garin katako, ya ce in ji ensifekta, baƙo ya maido ruwan da ya sha. Ashe ranar nan Baba Albarka yana bakin taga yana jin tambayar da ensifekta ya yi mini. Ya tare motar ensifekta a ƙofar makaranta ya faɗa masa gaskiya, ni ban sani ba. Yau muka yi darasin ƙanƙarar. Na zaunar da tsohon a gaba, shi ya fasa ta da hannunsa, abin da ya rage na ba shi ya kai gida.

Gatarin kuwa ba zai ga ƙota ba. Direkta ya ce a sa shi cikin kayan gwajin makaranta, duk ajin da ya kai darasin zafi da shi za a yi. Na liƙa masa takarda da hannuna: Ƙarfen Issa Maƙeri, Sanam, giram ɗari huɗu. Ɗalibai hamsin da biyu sun kwafi sunanka a littafinsu, baɗi wasu za su kwafa. In ka sake cewa maƙerarka za ta mutu tare da kai, Najiba za ta karanto maka wannan layi a kunnen dama.

Sai dai har yanzu ba ni da abin faskare. Ka hura wuta, ka ƙero mini wani.

Ɗiyar maƙeri,
Samiratu